Dutsen Guga a Kasuwar Ƙuma

Abin da ya fara tsayar da ni a kasuwar tsofaffin kaya ta Faris shi ne wani dutsen guga. Na gawayi, baƙi ƙirin, mai mariƙin katako, da ɗan zakaran ƙarfe a baki wanda ake turawa a buɗe murfin. Irinsa sak yana hannun mai wankin unguwarmu a Damagaram, wanda in gawayin ya yi sanyi yakan riƙa kaɗa shi sama da ƙasa har tartsatsi ya tashi. Nan kuwa an goge shi, an ɗora kan farin ƙyalle kamar amarya, an ɗaura masa 'yar takarda da zare: yuro 45. Na tsaya ina lissafi a zuci. Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, ke nan kusan jika talatin ake nema. Ɗan yayata da ya rako ni ya ga leɓena yana motsi, sai ya ce, "Kawu, don Allah kar ka fara juya kuɗin nan zuwa sefa. In ka fara, ko ruwa ba za ka sha ba a garin nan."

Aiki ne ya kai ni Faris, horo na mako biyu cikin watan Oktoba, Asabar da Lahadi ɗaya tak ne nawa. Abokan tafiyata sun riga sun raba nasu, wasu hasumiyar Eiffel, wasu kantunan turare. Ni kuwa ciwona daban ne. Tun ina yaro, in an aike ni Kasuwar Dole ranar Alhamis, a wurin masu tsofaffin ƙarafa da kwado da rediyoyin da suka mutu ake zuwa a kamo ni. Ga shi kuma uwargida ta ba ni saƙo: butar shayi ta azurfa, irin ta Turawan da. Ba ta faɗi ko nawa zan kashe ba, ni ma ban tambaya ba.

Mun hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 4 har ƙarshensa, Porte de Clignancourt, a arewacin birni. Kafin mu fito yaron ya sa na mai da wayata aljihun gaba, na ja zif. Da muka hau sama sai na ga rumfuna jere, takalman wasanni, rigunan sanyi, tabarau, turaruka masu manyan sunaye da ƙananan farashi, ga kuma 'yan wala-wala sun kifa kwali suna juya kati uku, abokan cin mushensu suna yi kamar sun ci. Na ce, to wannan ce kasuwar da ake ta labari? Ai ko a Sabon Gari ina ganin wannan. Ya ce in yi haƙuri, ba mu iso ba. Baƙi da yawa, in ji shi, nan suke tsayawa, su sayi hula su koma masauki su ce sun je kasuwar ƙuma. Sai mun bi ƙarƙashin babbar gadar da ta zagaye Faris, mun fita daga birnin ke nan mun shiga garin Saint-Ouen, sannan muka karya hagu zuwa titin da ake kira rue des Rosiers. Daga nan hayaniya ta ragu, warin tsohon katako da man goge tagulla ya tare mu.

Sunan ya daɗe yana ba ni dariya. Marché aux Puces, wato kasuwar ƙuma, ƙumar nan dai mai cizo. Labarin da aka fi bayarwa shi ne tsofaffin katifu da tsummokaran da aka fara sayarwa a wurin ba su zuwa su kaɗai. Waɗanda suka kafa ta 'yan jari-bola ne. A ƙarni na 19 dubbansu ke yawo cikin dare a titunan Faris da ƙugiya da fitila da kwando a baya, suna tona shara, har ana yi musu laƙabi da masuntan farin wata. Hukuma ta yi ta tura su bayan ganuwar birni, sannan a 1883 wani gwamnan yankin mai suna Eugène Poubelle ya kafa dokar cewa kowane gida ya zuba shararsa a mazubi mai murfi. Har yau Bafaranshe poubelle yake kiran kwandon shara, mu ma a Nijar haka muka gada, ban taɓa sanin sunan mutum ba ne sai ranar. Su kuma 'yan jari-bolar suka riƙa baje abin da suka tsinto a filin da ke bayan ƙofar Clignancourt, har a 1885 hukumar Saint-Ouen ta tsara wurin ya zama kasuwa. Yanzu faɗinta ya kai hekta 7, kasuwanni ne fiye da goma a cikin guda, kowace da sunanta da ƙofarta, suna ci Asabar da Lahadi da Litinin.

Vernaison muka fara shiga, wadda aka kafa a 1920, ita ce kuma ta kwanta mini. Lungu ne cikin lungu, wani mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace, ganye ya hau bango, rumfuna ƙanana cike maƙil har bakin ƙofa. Wanda ya taɓa ɓacewa a Kurmi ta Kano zai gane abin da nake nufi. Wani maɓallan riga kaɗai yake sayarwa, durowa-durowa. Wata zannuwan gado na lilin masu haruffan sunan amaren da suka daɗe da zama ƙasa. Akwai mai makullai zalla, ba kwado ko ɗaya. Na tambayi yaron wa ke sayen makullin da ba shi da ƙofa, ya ɗaga kafaɗa.

A nan na yi abin kunyata. Na hango buta mai dogon wuya, da mariƙin baƙin katako, tana ƙyalli. Mai rumfar dattijo ne mai gashin baki, yana zaune yana karanta jarida. Kuskuren farko, ban gaishe shi ba, hannu kawai na kai na ɗauka. Ni da a gida ba na wuce ko mai rake ban yi sallama ba, sanyi da zumuɗi suka ɗauke mini hankali. A Faransa kuwa shiga rumfar mutum ba bonjour kamar shiga zaure ne da takalmi. Na tambayi kuɗi, ya ce 120. Na yi irin ta gida, na juya butar, na ɗan taɓe baki, na ce arba'in. A kasuwarmu ai nan hira take farawa: ya ce albarka, in ƙara biyar, ya rantse bai sayo haka ba, in yi kamar zan tafi, ya kira ni, a ƙarshe ya ce kawo kuɗi, mu rabu muna dariya. Dattijon nan ninke jaridarsa ya yi, ya miƙe, ya karɓi butar daga hannuna a hankali kamar mai karɓar jariri, ya mai da ita mazauninta, ya ce in wuni lafiya. Shi ke nan. Na tsaya sororo.

"Kawu, ai zaginsa ka yi," in ji yaron bayan mun sha kwana, yana danne dariya. Ya ce ana ciniki a nan, sosai ma, amma salonsa daban. Ka gaisa, ka yaba kayan, ka tambayi shekarunsa da inda ya fito, ka bar mai shi ya yi maka lacca. Sannan ka ce, nawa ne farashinka na ƙarshe? Shi da kansa zai sauko, galibi kashi goma ko goma sha biyar cikin ɗari, in ka nuna kuɗi a hannu ko ka haɗa abu biyu ya ɗan ƙara. Wanda ya taya sulusi kuwa cewa ya yi mai kayan ɓarawo ne.

Na gwada darasin a rumfar wata tsohuwa mai cokula da wuƙaƙe. Na gaishe ta har da ɗan rusunawa, na yaba wani ludayi, na ce mata azurfa nake nema amma ban san yadda ake gane ta ba. Kamar jira take. Ta ciro ɗan gilashin ƙara girma da ke rataye a wuyanta, ta juya bayan cokali, ta ce in duba. Can kusa da wuyan cokalin akwai wani tambari bai kai ƙwayar gero biyu ba. Da na kafa ido sai ga kan mace sanye da hular yaƙi, tana duban gefe. Ta ce sunanta Minerve, tun 1838 hukuma ke buga ta a kan azurfar Faransa ta gaske. Kusa da ita akwai tambarin maƙerin, cikin zane mai kusurwa huɗu a karkace kamar yankan alkaki. In kuwa tambarin maƙerin murabba'i ne, kuma babu matar, to ƙarfe ne aka yi wa wankan azurfa. Na kwatanta mata butar dattijo da kuɗinta. Ta yi murmushi ta ce a wannan farashin wanka ne, ta gaske sai na ninka sau da yawa. Na tuna maƙeran farfaru na Agadas da yadda suke goga zobe a dutse su duba launi. Ban sayi komai a wurinta ba, ba ta kuma ji haushi ba. Saƙon uwargida dai na san a ranar ya mutu.

Kasuwar Biron ratsawa kawai muka yi. Kujeru masu ruwan zinariya, madubai sun fi ƙofar zaure tsawo, fitilun lu'ulu'u suna reto, ga kafet a ƙasa. Wurin ba na masu juya yuro zuwa sefa ba ne. Paul Bert da Serpette kuma kujeru da tebura ne na shekarun 1950 zuwa 1970, irin waɗanda na tabbata na zauna a kan 'yan'uwansu a ofisoshin gwamnati a Yamai, har muna ƙorafin a canza mana su. A Dauphine, wadda aka buɗe a 1991, akwai wani gida na roba ruwan lemo mai siffar faifai, da tagogi kamar ƙwai, an girke shi a tsakiyar kasuwa. Yaron ya ɗauke ni hoto a gabansa don yara.

Wata kalma na yi ta ji a bakin masu rumfuna: dans son jus. Ma'anarta a zahiri, yana cikin romonsa. Kujera ta yage, fenti ya ɓare, tsatsa ta ci ƙafa, sai mai ita ya shafa ta da alfahari ya ce tana cikin romonta, ba wanda ya taɓa gyara ta. Kuma hakan ƙarin kuɗi ne. Gaskiya ba duka na yarda da shi ba. Rabin abin da na gani tarkace ne da aka iya yi wa kirari, kuma akwai mai sayen tsatsa don kawai an ce masa tsatsar ta shekara ɗari ce. Amma a wata rumfa na ga kwanukan sha masu fenti, fari da bakin shuɗi, wasu da furanni, an jera su bisa kanta, sai gabana ya faɗi. Jeren kakata ke nan. Bango guda ne a ɗakinta, samira kan samira, da tasoshi da ake fito da su a goge da toka duk sallah. Da ta rasu aka rasa mai so, 'yan mata suka ce tsohon yayi ne, aka kira 'yan gwangwan suka auna a sikeli. Ina tsaye aka yi, ban ce uffan ba, ni ma a lokacin ban ga abin so ba.

Wajen la'asar, mun fito ta gefen da rumfunan titi suke, sai na ji ana faɗa a waya da Hausa tsantsa, ana cewa a gaya wa yaron nan kar ya sake ya sayar da ragon. Na juya. Wani dattijo ne cikin rigar sanyi har biyu da hula mai rufe kunne, gabansa tebur cike da kurosin Agadas, da battocin fata, da zobba, da fuskokin katako. Na yi sallama. Ya cire wayar daga kunne ya dube ni sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Daga ina?"

"Damagaram, Alhaji. Ya sanyi?"

"Sanyi ai lokacinsa ne. Zauna, Malam, zauna. Yaro, jawo wa kawunka kujerar can."

Ya zuba mana shayi daga fulas, mai kauri irin na gida. Ya ce ya fi shekara ashirin yana wannan safara, Abijan ya fara, inda Hausawa suka daɗe da riƙe cinikin kayan sassaƙa, daga baya ya hauro. Na ɗauki wata fuska baƙa mai ƙaurin hayaƙi na tambaye shi shekarunta. Ya waiga hagu da dama, ya ce, "Kai ɗan gida ne. Ajiye wannan, ta girmi jikana da kaɗan." Muka yi dariya har yaron ya ƙware. Ya ce shi ba ya ce wa kowa tsohuwa ce, wanda ya tambaya yana gaya masa, wanda ya ga dama ya yi wa kansa labari kuma ba ya hana shi.

Shi ne ya ce mini na zo inda ba nawa ba. Saint-Ouen ta dillalai ce da masu kuɗi daga Amurka da Japan. Mai son tsintuwa ƙauyuka yake bi ranar Lahadi, wurin abin da suke kira vide-grenier, wato kwashe ɗakin tarkace: mutanen gari su fito da abin da ya ishe su a gida su baje a ƙofar coci ko filin ƙwallo. Doka ma sau biyu kawai ta yarda wa wanda ba ɗan kasuwa ba ya yi haka a shekara. Ko kuma Lille, ƙarshen makon farko na Satumba, inda gari guda ke zama kasuwa, mutane miliyoyi su cika shi. Wannan ta wuce ni. "Tunda gobe kaɗai gare ka, tafi Vanves. Ka yi asuba ka fita, ka riƙe tocila da canji. Kuma kar ka duba kan tebur, Malam, ƙarƙashi za ka duba."

Yaron ya ce shi Lahadi ranar barcinsa ce, ya rubuta mini hanya a takarda. Layi na 13, a sauka Porte de Vanves, a kudancin birni. Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci na isa, gari bai waye ba, don a Oktoba rana ba ta fitowa a Faris sai wajen takwas. Babu gini, babu rumfa. Tituna biyu ne, Marc Sangnier da Georges Lafenestre, motoci sun jeru ƙarƙashin itatuwa an buɗe bayansu, ana sauke kwalaye. Masu farauta sun riga ni, kowa da tocilarsa, ba mai magana da ƙarfi, wani ma kafin a ajiye kwali ya riga ya cusa hannu. Akwai kalmar da suke wa wannan yawo, chiner, mai yinsa kuma chineur. Yatsuna suka ƙage don sanyi, ga yayyafi.

Na bi maganar Alhaji na durƙusa. A wani kwalin ayaba, tsakanin murafan tukwane da wayoyin lantarki, na jawo ɗan akwatin katako mai hannun juyawa a ka da 'yar durowa a ƙasa. Injin niƙan kofi ne na hannu. Na haska gabansa, sai ga ɗan allon tagulla da zaki yana tafiya bisa kibiya, an rubuta Peugeot Frères. Fijo! Zakin nan da na sani a hancin 504 da akori-kura, wanda ya kai mu Maraɗi da Kano ba adadi, wanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Mai kayan, wani saurayi mai shan kofi a kofin takarda, ya ce ai gidan Peugeot sun daɗe suna ƙera zarto da injin niƙa kafin su san mota, na kofi tun 1840, zakin ma saboda haƙoran zarto aka zaɓe shi. Na juya hannun, ya yi ƙara ƙurrr, bai cije ba. Na buɗe durowar, ƙamshin kofin wani gida da ban sani ba ya bugi hancina. Na gaishe shi yadda ya kamata, na yaba, na tambayi farashin ƙarshe. Daga 25 ya sauko 20. Na biya ban ƙara ko kalma ba, duk da harshena yana ƙaiƙayi.

Rana ta ɗan fito lokacin da na iso wurin mai katunan wasiƙa masu hoto. Dogayen akwatuna ne kamar na takalma, dubban katuna a tsaye, an raba su da kwali mai lamba, kowace lamba jiha ce ta Faransa. Tsofaffi sun sunkuya kowa yana neman ƙauyensu. A can ƙarshe akwai akwatin da aka rubuta wa Colonies, cikinsa kuma A.O.F., wato Afirka ta Yamma ta Faransa. Na fara bi da yatsa. Dakar ce ta fi yawa, da Saint-Louis, da Tumbutu, da yawansu ɗauke da sunan Fortier, mai ɗaukar hoton nan da ya zauna a Dakar a farkon ƙarni na 20. Wasu hotunan ban so ganinsu ba, 'yan mata ne aka tsayar ba mayafi, aka rubuta ƙabilarsu a ƙasa kamar ana lissafin dabbobi. Na riƙa wuce su da sauri. Na kusa ƙarshen akwatin, yatsana ya tsaya.

Zinder. Haka aka buga a ƙasan katin da ƙananan haruffa. Amma ko ba a rubuta ba, duwatsun sun isa shaida, manyan duwatsun nan masu santsi da suka hau kan juna a Birni. Ga wani ɓangare na ganuwar da Sarki Tanimu ya gina, a tsaye da tsawonta, ba guntayen da suka rage mana yanzu ba. A gaba mata uku ne da tuluna a ka, ɗaya ta juyo tana harara mai hoton, da wani yaro tsirara riƙe da igiyar jaki. An manna kan sarki a gefen hoton, mutum bisa raƙumi, an buga Territoire du Niger a kansa. Hatimin gidan waya ya dame, 192 kawai nake iya karantawa. Da alama zamanin da Damagaram ce hedikwatar ƙasar ne, kafin a mai da ita Yamai a 1926.

Na juya bayan. Rubutun tawada ne siriri, ya koma ruwan ƙasa, wani ne ke rubuta wa mahaifiyarsa a wani gari da ban taɓa ji ba. Yana lafiya, zafi ya yi yawa, wasiƙa tana daɗewa a hanya. Layin ƙarshe kuma ƙorafi ne kan ruwa: ba ya isa, wanda ake samu ma sai an tace. Na yi dariya ni kaɗai a bakin titi har mai katunan ya ɗago. Na ce masa garinmu ne, kuma shekara ɗari ke nan maganar ruwan ba ta canza ba, har gobe da kukan 'yan garuwa muke tashi. Ya karɓa ya duba, ya ce katunan Nijar ba su cika zuwa hannunsa ba. Na san wannan shimfiɗa ce ta tsada, kuma na riga na yi wauta na nuna masa zuciyata. Ya ce goma. Na ce farashin ƙarshe fa? Ya ce takwas, ya sa mini shi a 'yar leda.

Uwargida ta karɓi injin Fijo a madadin buta ba tare da ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo. Daga baya ta gano yana niƙa masoro da kanumfari lukui, sai dai mun yi wata guda yajinmu yana ƙamshin kofi.

Katin kuwa Inna na kai wa ta gani. Ta sa tabarau, ta fita tsakar gida inda haske yake, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ɗaurin zanen matan irin na kakarta ne, ta nuna wani dutse ta ce bayansa ne gidan su wance, ni dai ban ga alama ba. Sannan ta tambayi nawa na saya. Na ce yuro takwas. Ta ce in faɗa mata da kuɗin mutane. Na ce jika biyar da 'yan kai.

"Jika biyar? A kan takarda? Kai dai har yanzu ba ka yi hankali ba."

Ta shiga ɗaki da shi, na ji ƙarar murfin adaka. Da na tashi tafiya na ce Inna katina fa, ta ce wane kati.